Merle a Akwatin Yashi

A layin dogonmu na Tarbox akwai wata al'ada da na tarar, kuma tun ranar da na fara ganinta ba ta kwanta mini ba. Idan ɗaya daga cikinmu 'yan sa kai ya mutu, iyalinsa suka ƙone gawar kamar yadda mutanen nan jihar Maine da yawa suke yi yanzu, sai a kawo mana tokar. A hura wa babban kan jirgi mai kwal wuta, a zuba 'yan makoki a tarago biyu, a nufi Tudun Quimby. Daidai inda hawan ya fi tsanani sai mai zuba kwal ya buɗe murhu, ya ɗora mamacin a kan shebur, ya wurga shi ciki. A ja jiniya, hayaƙi ya turnuƙe, mata su share hawaye, maza su cire hula. Shi ke nan, an sallami mutum ta bututun hayaƙi. Na raka mutane da yawa a haka. Yawancinsu na girme su, kuma ga ni nan.

Ni ne Alcide Pelkey. Aji uku na yi a makaranta na tafi daji saran itace. Gungume ya taɓa birgima ta kaina. Ƙanƙarar tafki ta taɓa fashewa da ni da doki, dokin ne bai fito ba. Likitoci biyu sun ce ba zan ga baɗi ba, na je jana'izar kowannensu da taye a wuya. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da Merle Stinchfield ya zaɓa ya ɗora wa wasiyyarsa.

Ni da Merle mutanen dizal ne. Namu kan jirgin sunanta Hattie, gajera ce mai faɗin ƙirji, daga wata ma'aikatar fasa dutse aka ceto ta, kuma ta girmi rabin masu aikin layin. Faɗin layinmu ƙafa biyu ne kacal, kamar don ita aka shimfiɗa shi. Ba mai ɗaukar ta hoto. Baƙi su zo da manyan kyamarori su ce, "Baba, ɗan matsar da wannan taraktar, tana ɓata mana hoto." Amma ita ke fito da taragai da safe, ita ke ture dusar ƙanƙara, ita ke kai katako da tsakuwa inda layi ya lalace. Shi kuwa mai kwal, sai an wuni ana lallashinsa da wuta kafin ya yarda ya motsa. Butar shayi Merle yake kiransa, kuma a gaban masu shi yake faɗa.

Da ciwo ya kwantar da Merle na je duba shi a asibiti. Ya rame, sai hanci a gaba. Matarsa Verna na gefe tana saƙa.

"Matso, Alcide," in ji shi. "Idan ka bari Dwight ya ɗora ni a kan shebur ɗin nan nasa, zan dawo in zauna maka a ƙirji."

Dwight Pinkham shi ne shugaban masu kwal. Tsohon mai shagon kayan gini ne, kullum da jan hankici a wuya, a goge, kai ka ce biki za shi ba wurin baƙin mai ba.

Na ce, "To ina kake so a sa ka?"

"A Hattie. Da ita zan hau Quimby."

"Hattie ba ta da murhu, Merle."

"Wannan kuma kai ta shafa. Ni mutuwa zan yi, ba zan yi duka aikin ni kaɗai ba."

Verna ba ta ko ɗago daga saƙarta ba. Ta ce, "Ka ji shi ko. Yana gadon mutuwa yana raba wa mutane aiki."

Na miƙa masa hannu na ce na ɗauka. Ni kuwa in na ce na ɗauka, to ko dutse ne na ɗauka. Bai daɗe ba bayan nan ya cika, cikin kaka, lokacin da ganye ya fara zuba.

Muka taru a ɗakin shan kofi na tasha don a tsayar da rana. Dwight ya miƙe yana gyara hankici, ya ce shi da kansa zai riƙe shebur, duk da abubuwan da marigayi ya sha faɗa a kansa. Ya ce ya yafe.

Na ce, "Ajiye yafiyarka, ba a bukata. Merle da Hattie zai tafi."

Sai Dwight ya yi murmushin nan nasa na mai sayar da ƙusa.

"To Dattijo, ta ina za ka sa shi? A tankin mai?"

"Zai toshe filtar mai."

"A lagireto, ya tafasa? Ko ka zuba shi a salansa, ka tayar da inji, ya dawo wa matarsa a kan hula?"

Yaransa suka kwashe da dariya. Yaran nan duk sun yi furfura, amma in Dwight ya yi tari sai su ma su yi.

"Kowa ta murhu ya bi," in ji shi. "Har wanda ya kafa layin nan ta murhu ya bi. Me Merle ya fi su?"

"Ya fi su ƙin ka."

Verna ce ta raba mu. Ta buga cokali a jikin kofi ta ce, "Ku saurara, tsofaffin banza. Mutumin nan yana kan firjina, duk lokacin da na je ɗaukar madara sai na gan shi. Asabar ɗin nan zai bar mini gida. Idan Hattie ta hau da shi, madalla. Idan ta kasa, Dwight ya kwashe shi a nan take. Ba zan dawo da shi ba."

Dwight ya ce ya amince. Ni ma na ce na amince, ko da yake a lokacin ban san ta inda zan ɓullo ba.

Na fita na je rumfar da muke ajiye jirage na zauna a kan matakalar Hattie ina kallonta. Ban daɗe ba idona ya faɗa kan akwatin yashi. Kowane kan jirgi yana da su, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan ƙarfen layi ya yi santsi, ƙafafu suka fara juyawa a wuri ɗaya, sai direba ya ja wata sanda, yashi ya zubo ta siririn bututu a gaban ƙafa, ƙafa ta samu abin kamawa. Na ce yauwa. Masu kwal suna tura mutum sama ya watse a banza, ya sauka a kan wankin mutane. Ni nawa abokin aiki zai yi. Shi zai hau da mu tudun.

Da na faɗa wa Dwight sai ya ɓata rai, don ya san bai taɓa kawo tunani irin wannan ba tun da aka haife shi. Can ya ce, "To ka tankaɗe shi da rariya kafin ka zuba."

Na ce, "Abokina ne, ba fulawar kek ba."

Har gobe ina kan bakana. Ba a tankaɗe mutum.

Ranar Juma'a da yamma na je na sauke shi daga kan firji. Cikin wani tulun ƙarfe yake, bai fi gwangwanin kofi ba. Mutumin da sai ya karkace yake shiga ƙofar Hattie. Na kai shi rumfa, na soya yashi a kasko har ya bushe ƙarau, don yashin jirgi ba na bakin kogi ba ne da za ka kwasa ka zuba. Na gauraya su a bokiti da hannuna, na raba biyu daidai, rabi dama rabi hagu, na rufe murafen. Na ce masa ya kwana lafiya, gobe akwai aiki.

Asabar ta waye da yayyafi. Ganye ya rufe layi tun daga tasha har cikin daji. Wanda bai san jirgi ba zai ce ai kyau ne, ja da rawaya ko'ina. Jiƙaƙƙen ganye in ƙafar jirgi ta niƙa shi a kan ƙarfe ya fi sabulu santsi. Ni dai na ji daɗi, don ranar da ake bukatar yashi ke nan, ba wanda zai ce don ado na ja sandar.

Na haɗa tarago biyu. 'Yan makoki suka shiga da baƙaƙen kaya da lema. Matan coci suka shigo da tukwanen gasasshen wake da baƙin burodi da butocin kofi, don a can saman tudu ake cin abinci bayan an gama. Fasto Gammon ya hau wurina ya tsaya, saboda ya yi addu'a a daidai lokacin. Doguwar halitta ce, kansa na dukan rufi duk inda layi ya lotsa.

Ina shirin tashi sai na ji huci a baya. Na leƙa, sai ga butar shayi an fito da ita, an goge ta tana ƙyalli, Dwight na tsaye a ƙofa ya jingina shebur a kafaɗa. Har shebur ɗin an goge.

"Ina za ku?" na ce.

"Rakiya," in ji shi. "Muna bayanka, Dattijo. Don ko-ta-kwana."

"Ka bar tazara. Kada hayaƙinka ya taɓa shi."

Muka tashi. Hattie ta wuce gadar rafi da gonar tuffa tana gurnaninta na kullum, ba abin da ya dame ta. Da muka fara hawan Quimby sai na ji ta a ƙuguna kafin kunnena ya ji. Wanda ya daɗe a kujerar nan da mazaunansa yake sauraren inji. Ta ɗan yi rawa, ta kama, ta sake rawa. Muna isa kwanar da itatuwa suka rufe sama sai ƙafafu suka kwance gaba ɗaya, suna ta juyawa, mu kuwa muna nan inda muke.

Na ce wa fasto, "Fara."

Ya buɗe littafinsa ya fara da murya mai kauri. Na cire hula. Na kama sandar yashi na ce, "To Merle, fito ka yi aiki." Na ja.

Ba abin da ya fito.

Na mayar, na sake ja. Na jijjiga. Na leƙa dama, na leƙa hagu, bakin bututu a bushe, ko ƙwaya. Nan fa muka fara zamewa baya sannu-sannu, itatuwa na wuce mu ta inda bai kamata ba. Fasto ya ɗago ya ga haka, sai ya bar addu'ar mamaci ya koma ta masu rai. Na damƙe birki, muka ja ƙafa kaɗan muka tsaya. Daga can ƙasa butar shayi ta ɗan busa jiniya gajeriya, irin ta mai gyaran murya.

Na sauko da guduma. Na ƙwanƙwasa bututun dama, na ƙwanƙwasa na hagu, a hankali tukuna, don girmamawa. Sannan na daina girmamawa. Na zura waya ta ƙasa, abin da ya faɗo bai cika cokali ba. Laimar dare ce ta bi bututun ta hau, tokar ta ji danshi, ta haɗu da 'yan ƙananan ƙasusuwa ta kame a wuyan akwati kamar siminti. Ba laifin kowa ba ne. Halin mutumin ne.

Kawuna suka fito ta tagogi. Verna ta sauko da takalmin coci, tana riƙe da kofin kofi.

"Me ya faru?"

"Ya ƙi fitowa."

"Ai haka yake. Ka ce masa fito, sai ya gyara zama. Da cewa ka yi kada ya kuskura ya fito, da yanzu yana waje."

Sai ga Dwight ya hauro da ƙafa yana haki, shebur a hannu. Bai yi dariya ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya sa fuskar tausayi.

"Ka yi ƙoƙari, Dattijo," in ji shi. "Kowa ya gani. Yanzu buɗe murfin mu kwashe shi. Murhu na nan da zafi, mu tura ku ta baya mu kai ku sama, a yi masa yadda ake yi wa kowa."

"Ka taɓa murfin nan, kai za a sa a murhun."

"Alkawari muka yi a gaban mutane. Verna, ba haka aka yi ba?"

Verna ta dubi sama, ta dubi takalminta da ya jiƙe. Ta ce, "Haka aka yi. Alcide, waken nan na hucewa, kuma ƙafafuna sun fara sandarewa. Kafin in shanye kofin nan ka san abin yi."

Ta kurɓa. Kuma babbar kurɓa ta yi, don Verna ba ta san wasa ba.

A nan ne wani zai zauna ya yi kuka. Ni kuwa sai na tuna zamanin da nake daji, muna fito da gungume da wani jirgi da ko akwatin yashi babu. In aka zo hawa, mutane ke sauka su shiga gaban jirgi suna barbaɗa yashi da hannu, jirgi na bin su a hankali. Na hau na buɗe murfin dama. Na sa hannu. Can ƙasa ne kawai ya kame, na sama yana nan sako-sako.

Na juyo na ce, "Jama'a, kowa ya sauko da kofinsa. Merle ba zai bi bututu ba, da hannu za mu shimfiɗa shi."

Ba wanda ya motsa. Wani ɗan'uwansa da ya zo daga birni ya ce, "Kana nufin mu taɓa shi?"

"Rabinsa yashi ne. Ka ɗebi ɓangaren yashin."

Wata daga cikin matan coci ta ce ita dai ba ta san ko ya halatta ba. Duk suka dubi fasto. Fasto ya dubi littafinsa, da alama bai ga babin ba.

Dwight ya ce, "Wannan ba ya cikin alkawari."

"Alkawari ya ce Hattie ta hau da shi. Bai ce ta wace ƙofa zai fito ba."

Verna ta shanye kofinta ta miƙa wa fasto. Ta koma tarago, ta fito da ludayin wake. Ta ɗaga siket ta hau matakalar Hattie, ta zura ludayin a akwati ta ciko shi.

"Duk zaman da muka yi," in ji ta, "mutumin nan bai taɓa tura mini ko kujera ba. Yau zan ga ya tura jirgi."

Ta sauko ta tsuguna ta barbaɗa a kan ƙarfen, siriri, kamar mai sa gishiri a miya. Da ganin haka kowa ya sauko. Ita ke ɗiba da ludayi tana zuba musu a kofunan takarda, ni ina tsara su, rabi a layin dama rabi a na hagu, ina nuna musu kada su yi tudu, kada su bar giɓi. Biyu na sa su share ganye da ƙafa a gaba. Dwight kaɗai ya rage a tsaye da shebur ɗinsa. Verna ta dangwara masa kofi a ƙirji.

"Karɓa."

"Ni mutumin kwal ne, Verna."

"Shekara da shekaru yana ci maka mutunci. Ga shi an ba ka ka zuba a ƙasa a taka. Ba abin da ka daɗe kana nema ke nan ba?"

Ya tsaya yana kallon kofin. Sai ya jingina shebur a jikin itace ya karɓa.

Na hau kujerata na saki birki. A nan ake gane direba. Ka ba ta mai da yawa, ƙafa ta kwance ta watsar da abokinka cikin ciyawa. Ka ba ta kaɗan, ta koma baya. Na riƙa ba ta kaɗan-kaɗan kamar mai ba majinyaci romo. Ta yi gurnani, ta girgiza, sai na ji wani ƙurus-ƙurus a ƙarƙashina. Ta kama. Duk jihar nan ba na jin akwai mutum uku da za su iya abin da na yi da hannun damana a ranar, kuma biyun sun mutu.

Haka muka riƙa hawa. A gabana mutane cikin baƙaƙen kaya, a sunkuye, suna tafiya da baya-baya suna barbaɗa Merle, yayyafi na dukan ƙeyarsu. Wanda kofinsa ya ƙare ya rugo gefen Hattie, Verna ta cika masa tana tafe a kan matakala. Fasto ya soke littafi a hammata, yana addu'a yana barbaɗawa. Ɗan birnin nan da ya ƙi da farko har gyara wa wasu yake yi.

Na leƙo na ce, "Dwight, kana yin kauri. Ba kwal kake zubawa ba."

"Tuƙa abinka, tsoho. Na san inda nake sa shi."

Na ga bakinsa na motsi. Daga baya matar da ke kusa da shi ta ce mini duk barbaɗawa ɗaya sai ya ce, "Wa ye butar shayi yanzu?" Amma ta ce idonsa ya yi ja, kuma ba ta jin ruwan sama ne.

Akwatin dama ya ƙare, Verna ta zagayo na hagu. Ina jin ludayi ya fara kankarar ƙasa. Saman tudu na gabanmu, ina hango teburan da ake cin abinci a kai, abin da ya rage bai fi tsawon tarago ɗaya ba. Sai ta ɗago ludayin ta nuna mini. Wayam.

"Ya ƙare," in ji ta.

Masu kofi suka zazzage abin da ya saura. Hattie ta cinye shi, ta taka ƙarfe tsirara, ƙafafu suka fara waƙar nan da na tsana. Na rage mai, na ƙara, na rage. Muna nan a tsaye muna karkarwa, ba gaba ba baya. Na san in na damƙe birki a wurin nan ba za mu sake tashi ba, sai dai a turo mu. Dwight ya miƙe ya waiga ƙasa wajen jirginsa. Na ga hannunsa ya fara ɗagawa zai kira yaransa.

"Sauke hannun nan," in ji Verna.

Ta diro daga matakala, mace mai shekarun da ba ta yarda a faɗa. Ta shiga gaban Hattie, ta buɗe jakarta tana tonawa, ta fito da 'yar kwalbar magani. Ba magani ba ne a ciki.

"Wannan na ɗiba na ɓoye kafin ka zo ɗaukarsa," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Na ce in samu wanda zan riƙa yi wa faɗa da safe."

Ta buɗe. Ta zuba rabi a dama, ta tsallaka ta zuba rabi a hagu, ta ƙwanƙwasa gindin kwalbar da yatsa.

"Tafi, malalaci," in ji ta. Ta matsa gefe.

Wani zai ce ɗan wannan ba zai ɗaga jirgi da tarago biyu ba. Ya faɗa. Ni ne a kan kujerar. Babu yashi a ciki, Merle ne zalla, kuma na ji lokacin da ƙafa ta same shi. Hattie ta cije, ta yunƙura, hancinta ya leƙa saman tudu, nauyin ya sake ta, muka gangara kan shimfiɗa kamar ba a yi komai ba.

Na danna oda. Odar Hattie kamar ta akuya mai mura take, ba mai kuka in ya ji ta. Amma na riƙe ta har sai da fasto ya toshe kunne. Maza suka cire hula. Can ƙasa, bayan an ɗan jima, butar shayi ta amsa da doguwar jiniya. Ban roƙe su ba, kuma ban gode ba.

Aka sauke tukwane a kan tebura. Verna ta tsaya tana raba wake. Ɗan birnin ya miƙo faranti, sai ya tsaya yana kallon hannunta.

"Wannan ludayin ne?"

"Na ɗauraye."

Ya ce shi burodi ma ya ishe shi. Ni na ci faranti biyu. Dwight ya ci ɗaya, ya koma neman shebur ɗinsa da ya manta a jikin itace, sai da ya sauka rabin tudun.

Washegari ya same ni a rumfa ya ce dole a fasa bututun nan biyu a wanke, jirgi ba ya fita ba yashi. Gaskiyarsa ce, shi ya sa na kwance na dama na buge shi, abin da ya fito na kai wa Verna a kwalbarta. Ta karɓa ta ce ai bai kai na da ba, amma zai yi.

Na hagu kuwa yana nan yadda yake. Duk lokacin da Dwight ya tambaya sai in ce gobe. Ina ajiye bokitin yashi a bayan kujera saboda ɓangaren nan, in ƙafar hagu ta yi santsi a Quimby sai in tura wani ya barbaɗa. Sababbin 'yan sa kai suna zuwa da sifana suna cewa, "Baba, bari mu gyara maka wannan bututun." Sai in ce su bar shi, da mutum a ciki.